Kwana 85 Ina Jiran Lamba A Amurka

  Yau labarin wata 'yar takarda na kawo muku, wadda ba ta kai tafin hannu girma ba, amma ta zaunar da ni a ɗaki kwana 85 a ƙasar Amurka, ta raba ni da aikin da na samu, har ta kusa jefa ni cikin abin da zan yi da-na-sani. Na daɗe ina jin nauyin ba da labarin nan, don kuwa rabin laifin nawa ne. Amma na ga ba a rasa wata a cikinku wadda mijinta ko ɗanta ke wata ƙasa yana neman a kai ta, saboda haka na ce gara in faɗa.

An ɗaura mana aure a 2015. Malam yana zaune a wani gari wai shi Girinsboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, inda akwai mutanen Nijar da yawa, da 'yan Nijeriya da 'yan Gana jefi-jefi. Bayan biki ya koma bakin aikinsa ya shiga nema mini izinin zuwa, abin ya ɗauki shekara biyu. Cikin takardun da a ke cikewa akwai wata doguwa mai suna DS-260, wadda a ke cikewa ta intanet. Malam ya cika ta daga can a madadina, ya bugo mini waya ya ce an gama. Na ce Allah ya saka da alheri, na ci gaba da tankaɗena. Ku lura, ni ba jahila ba ce. Na yi makarantar horon malamai, na koyar da yara shekara huɗu, Turancin takarda ba ya gagara ta. Amma ban ce ya turo mini in karanta ba, don a ganina takardun tafiya sha'anin maza ne.

Ashe a cikin takardar nan akwai tambayoyi biyu da suka shafe ni fiye da kowa. Ta ɗaya, ko ina so a yanka mini lambar nan da zan ba ku labari da zarar na shiga ƙasar. Malam ya ce i, ya kuwa yi daidai. Ta biyu, wane adireshi za a aika mini da katunana. Ya rubuta gidan da ya ke ciki a lokacin, inda ya ke haya tare da waɗansu gwauraye uku. Da ya rage wata uku in zo sai ya ga wurin bai dace da mace ba, ya kama wani ɗaki a wata unguwa dabam, ya tashi. Takarda kuwa tana nan da tsohon adireshi, ba wanda ya tuna da ita.

Na karɓi biza a Ikko, aka haɗa ni da wani babban ambulan a liƙe aka ce kada in kuskura in buɗe, sai in miƙa shi inda na sauka. Ran Talata 10 ga Oktoba 2017 jirginmu ya sauka a Atalanta bayan kamar awa 12 a sama. Aka kai ni gaban wani ma'aikacin shige da fice, ya buɗe ambulan, ya duba fasfo, ya karanto wani abu da sauri da irin Turancinsu na hanci, ya ɗago kai ya dube ni. Na ji dai lamba da sunan titi, na gane tambayata ya ke ko nan zan zauna. Ga gajiya, ga tsoro, ga kunyar a ce malamar makaranta ba ta ji Turanci ba. Ban ma san adireshin Malam da ka ba, balle in rarrabe tsoho da sabo. Sai na gyaɗa kai na ce i. Ya buga mini hatimi ya ce in wuce. Wannan "i" ɗin da na faɗa cikin ƙiftawar ido, ita ce ta ci mini mako biyar na farko.

Kafin in ci gaba bari in gaya muku ko mece ce wannan lamba, don kada ku ce matar nan ta cika kuka a kan takarda. Sunanta lambar Soshal Sikiriti, watau lambar asusun tanadin tsufa na gwamnatin Amurka. Asalinta kuwa, a zamanin da talauci ya game ƙasar, masana'antu suka rufe, tsofaffi suka rasa na sakawa a baki, Shugaba Rusbelt ya sa hannu a kan wata doka ran 14 ga Agusta 1935, aka kafa asusun da ma'aikata za su riƙa zuba wani abu daga albashinsu, in sun tsufa a riƙa ba su. Kamar adashi ke nan, sai dai uwar adashin gwamnati ce, kwasa kuwa sai ƙarfi ya ƙare. To, ga mutane miliyoyi, masu suna iri ɗaya ba su ƙidayuwa, ƙaƙa za a san zubin wane da na wane? Sai aka ce a ba kowa lambarsa, aka fara rabawa a watan Nuwamba 1936. Lambobi tara ne a jere, uku, sa'an nan biyu, sa'an nan huɗu. Da can ukun farko su kan nuna jihar da mutum ya nemi tasa, amma tun watan Yuni 2011 aka bar wannan.

Daga kowace dala 100 ta albashi a kan cire dala 6 da santi 20 a zuba a asusun, wanda ka ke yi wa aiki shi ma ya ƙara kamar haka daga aljihunsa. Wanda ya yi zubi na wajen shekara 10 ya sami hakkin fansho. Yana iya fara karɓa yana da shekara 62 amma a rage, cikakke kuwa sai 67 ga waɗanda aka haifa daga 1960 zuwa sama. Wani abin da ya ba ni sha'awa, matar auren da ba ta taɓa fita aiki ba ita ma in ta tsufa tana iya samun har rabin abin da a ke ba mijinta.

Abin da aka yi ta dominsa ke nan. Amma yau da gobe sai kowa ya ga sauƙinta ya kama. Masu haraji suka ce a kawo ta, banki ya ce a kawo ta, masu ba da lasin tuƙi da masu gidajen haya da masu ba da bashi duk suka ce a kawo ta. Ku ƙaddara lambar ɗan ƙasa ta NIN da ta banki ta BVN da mu ke da su a Nijeriya an narka su wuri guda, sa'an nan aka ce kusan kowace ƙofa da ita a ke buɗewa. Wanda ba shi da ita a can yana nan a raye, yana ci yana sha, amma a wurin takarda kamar bai iso ba tukuna.

A takardar bayanin da aka ba mu an ce katin zai zo ta gidan waya cikin mako uku, in bai zo ba a je ofis a tambaya. Na ce mako uku ai kamar gobe ne. Gidan da mu ke ciki bene ne mai ɗakuna da yawa, a ƙasa kusa da ƙofa akwai akwatunan wasiƙa a jere, kowane ɗaki da nasa da ɗan mabuɗinsa. Mai raba wasiƙu ya kan zo wajen ƙarfe biyu cikin wata 'yar farar mota mai sitiyari a hannun dama. Cikin kwana uku na haddace ƙarar motar nan. Da na ji ta sai in yafa mayafi in sauka, in buɗe akwati, in tarar da takardun talla, wannan na kantin kayan miya, wancan na masu sayar da katifa, in kwaso in hau. Malam aikin dare ya ke yi a wani ɗakin ajiyar kaya, da rana barci ya ke, saboda haka ni kaɗai na ke wannan sintiri.

Ran da mako uku ya cika, watau 31 ga Oktoba, da magariba na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na zabura, har raina ya ba ni ko masinja aka aiko da katin musamman. Ina buɗewa sai ga yara huɗu cikin shigar dodanni, kowane da jaka a hannu, suna neman alewa. Ashe wani bikinsu ne da su ke yi a wannan dare duk shekara, kamar tashe a wurinmu. Ba ni da alewa, na ba su dabinon da na zo da shi, suka yi ta juya shi suna kallona.

A cikin makon nan ne wata baiwar Allah da muka haɗu a masallaci ran Juma'a ta ce ana neman mace a wani gidan renon yara inda ta ke aiki, da ta ji na taɓa koyarwa kuwa sai ta kai ni. Shugabar wurin ta yi mini tambayoyi, ta ga takarduna, ta ce ta ɗauke ni a kan dala 9 kowace awa. A lokacin dala ɗaya tana wajen naira 360, na buga lissafi a zuci na ga awa guda naira 3,240 ke nan, sai da na nemi wuri na zauna. Autarmu tana ajin ƙarshe na sakandare, mahaifinmu ya rasu, na kuwa yi wa Inna alkawari tun ina gida cewa kuɗin jarrabawarta a wuyana ya ke. Na ce to, Allah ya kawo mafita. Sai matar ta miƙo takarda ta nuna mini wani gurbi ta ce in rubuta lambata. Na ce tana hanya. Ta ce to, ran da ta iso in zo in fara, za ta riƙe mini wurin gwargwadon iyawarta.

Haka kuma aka yi a wani banki da muka je buɗe mini ajiya, haka aka yi a wurin lasin tuƙi. Garin kuwa shimfiɗaɗɗe ne, kasuwa nesa, masallaci nesa, wanda ba ya tuƙi kamar an ɗaure masa ƙafa ne.

Na ce wa Malam, "Malam, mako uku fa ya wuce, takarda ta ce a je ofis." Ya ce, "Ki ƙara haƙuri, aikin gwamnati ne, nawa ma ya daɗe." Ban ga laifinsa ba ƙwarai, don zuwa ofis na nufin ya dawo aiki da asuba ya hana idonsa barci, ko kuwa ya fasa aikin dare guda a yanke masa kuɗi. Na ƙara mako guda, na ƙara wani. Daga nan na daina magana, na koma ajiye masa abinci in koma gefe in yi tagumi. Wannan ya fi magana aiki.

Ran 14 ga Nuwamba muka tafi. A bakin ƙofa akwai mai gadi, a ciki akwai wata na'ura da ke ba mutum 'yar takarda mai lambar layi, sa'an nan ka zauna ka zuba wa allo ido har taka ta fito. Mun fi awa biyu a zaune. Da aka kira mu muka tarar da wata dattijuwa baƙar fata a bayan gilashi, mai sanyin magana. Ta karɓi fasfona ta daddanna kwamfuta, ta ce ai tuni aka yanka mini lamba, an kuwa aika da kati tun watan jiya. Ta karanto adireshin da aka aika. Malam ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi!" Tsohon gidan gwaurayen nan ne.

Ya ce mata ai da zai tashi ya sanar da gidan waya su riƙa juyo masa wasiƙunsa. Ta tambaye shi da wane suna ya sanar. Ya ce da nasa. Ta dubi fasfona ta dube shi, ta ce ai sunan ƙarshe na matarka ba irin naka ba ne. A nan, 'yan'uwa, al'adarmu ta ci karo da tasu. Mu a ƙasar Hausa mace da sunan mahaifinta a ke saninta har ta koma ga Allah, aure ba ya sauya shi. Su kuwa yawancin matansu sunan miji su ke ɗauka, saboda haka in maigida ya sanar da tashin iyalinsa, masu suna irin nasa a ke nufi. Wasiƙar da ke ɗauke da sunan mahaifina ba ta da hanyar bin Malam zuwa sabon gida.

Na roƙe ta, tun da ga lambar a gabanta, ta karanto mini in rubuta a tafin hannu. Ta yi murmushi ta ce ba a yin haka, sai kati ya zo. Ta ba ni wata takarda mai suna SS-5 in cika don a sake bugo wani, ba a biyan ko kwabo. Wannan karo na ce wa Malam ni zan cika da hannuna. Ina rubuta sunana sai ta tsai da ni, ta ce ba haka ya ke a fasfo ba. Na duba, gaskiyarta. Yadda na saba rubutawa tun ina firamare dabam, yadda aka buga a fasfo dabam, harafi ɗaya ya bambanta. Mu a gida wannan ba kome ba ne. Hauwa'u da Hauwa da Hawa duk mutum ɗaya ce, Muhammadu da Mamman kowa ya san abu guda ne. Kwamfuta ba ta san wannan ba.

Matar nan ta yi mini bayanin da na riƙe har yau. Ta ce su ba su ba baƙo lamba sai sun tabbatar da takardunsa daga wurin hukumar shige da fice, ta wata hanyar bincike da a ke kira SAVE. In suna da ranar haihuwa da lambar takarda sun yi daidai, nan take amsa ke dawowa. In kuwa harafi guda ya kauce, ko an juya sunan farko ya koma na ƙarshe, sai an tura wa mutum ya duba da idonsa, wannan kuwa ya kan ci makonni. Ta ce shi ya sa ma su kan shawarci sabon zuwa ya bari ya kwana 10 a ƙasar kafin ya zo nema, don labarin shigowarsa ya riga shi isa cikin kwamfuta. Mai gaggawar zuwa ran da ya sauka ya kan ja wa kansa jinkirin da ya ke gudu. Ta kuma tuna mana cewa doka ta wajabta wa baƙo ya sanar da hukumar shige da fice sabon adireshinsa cikin kwana 10 in ya tashi, da takarda mai suna AR-11. Allah ya taimake mu Malam bai riga ya biya dala 220 ta buga koren katina na zama ba, saboda haka shi ba a aika da shi ba tukuna. A daren nan muka gyara adireshin, sa'an nan ya biya.

Aka ce in saurari kati cikin mako biyu. Na koma sintirina. Ran 23 ga wata aka yi babban bikinsu na godiya, ofisoshi a rufe, na ce shi ya jawo jinkiri. Nuwamba ta ƙare. Farkon Disamba dusar ƙanƙara ta sauka, karo na farko da na taɓa gani, gari ya yi fari fat kamar an baza garin rogo, amma ko sha'awar taɓa ta ban yi ba. Na buga wa matar gidan reno waya, ta ce ta yi haƙuri har ta gaji, ta ɗauki wata.

Abin da ya fi ci mini rai wayar gida. Inna ba ta taɓa ce mini ina kuɗi ba, sai dai ta ce, "Yaya aikin, an fara?" In ce an kusa. Ta ce, "To, Allah ya yi albarka," sa'an nan ta yi shiru, ni kuwa na san abin da ke cikin shirun. Mutanen unguwa suna ce mata ta huta, 'yarta na Amurka. Wa zai yarda cewa 'yar tata ko kuɗin bas sai ta roƙi mijinta? Malam kuwa bashin kuɗin jirgina da na kama ɗaki bai sake shi ba, na ga takardun da idona, ban iya buɗe baki in ɗora masa wani ba.

Ana cikin haka wata mata, ba zan faɗi ko 'yar ina ce ba, ta zo mini har ɗaki. Ta ce ta ji halin da na ke ciki, ita kuwa tana da lamba amma goyo ya hana ta fita. Akwai wani wurin aikin shara da dare inda ba su cika duba fuska ba. In je da sunanta da lambarta, in an biya ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku ta ba ni sauran. Wallahi ba zan ɓoye muku ba, kwana biyu ina juya maganar nan, har na fara koyon amsa sunanta a zuci. Na kawar da kai ne da na zauna na yi lissafi. Zubin tsufan da za a cire daga gumina a asusunta zai faɗa. In na ji rauni a wurin aikin, a takarda ba ni ce na ji ba. In kuwa asiri ya tonu, babban laifi ne a dokarsu, yana iya cin zaman da aka shekara biyu ana nema mini, alhali ni da izinina na shigo. Kayan aro ba ya rufe katara. Na ce mata na gode, Malam bai yarda ba, ko da ya ke ban ma gaya masa ba sai bayan shekara. A daren na buga wa Inna waya na ce ta ɗauko 'yan kunnena na zinariya na cikin lefe da na bar mata ajiya, ta sayar a biya wa Auta. Ta yi shiru, can ta ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau. Da na ajiye wayar na yi kukan da ban yi ba ran da aka kai ni ɗakin miji.

A ƙasanmu akwai wata Hajiya mutuniyar Maraɗi, ta fi shekara 20 a garin, tana sayar da fura da kilishi ga mutanenmu ran Juma'a. Wata rana ta tarar da ni tsaye gaban akwatuna da takardun talla a hannu. Ta ce, "Ɗiyata, kullum ina ganin ki nan, mi ki ke jira?" Na kwashe labari na gaya mata. Ba ta ce kome ba, ta karɓi mabuɗin ta buɗe akwatinmu, ta leƙa, ta nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a ciki. Sunan Malam ne shi kaɗai. Ta ce, "Ina naki?" Na ce ai gidan Malam ne, Hajiya. Ta ce, "Mai wasiƙa bai san aure ba, suna ya sani. In ya ga wasiƙar gwamnati da sunan da babu shi a akwati, sau da yawa maida ta ya ke inda ta fito." Na tsaya kamar an dasa ni. Shi ma dai mai wasiƙar da gaskiyarsa, gara ya mayar da ya jefa irin wannan kati a hannun wanda ba mai shi ba.

Da Malam ya tashi barci na gaya masa. Ya yi jim, ya ce, "Yanzu sunanki za a rubuta a ƙofar gida, kowane ƙato ya karanta?" Kun san mazanmu. Shi da ko a gaban abokansa bai taɓa kiran sunana ba, sai "mutanen gida". Na ce, "Malam, a cikin akwati ne, daga mai wasiƙa sai mu. In kuwa ba a rubuta ba, haka za mu shekara." Hajiya ta hau bene da kanta, da ciwon gwiwarta, ta ce masa, "Ɗana, ni ma nawa na nan tun mai gidana na da rai, bai rage ni da kome ba." Ya yi dariya ya miƙo mini alƙalami. Na ɗauko fasfo na buɗe, na kwafi sunan harafi bayan harafi da manyan baƙaƙe, na sauka na manna.

Ran 19 ga Disamba na koma ofis, ni kaɗai, cikin bas biyu, da sunan tashar da zan sauka rubuce a takarda. Ban tashi Malam ba. Wani saurayi na samu a tagar wannan karo, ya duba ya ce lalle an aika, an kuwa dawo da shi. A nan na ji cewa ba a sake wa mutum kati fiye da sau uku a shekara, ko sau 10 a duk rayuwarsa, gabana ya faɗi. Da ya karanto adireshi na ce ya maimaita a hankali. Ya maimaita. Na ce ya juyo mini in gani da idona, ya buga a takarda ya miƙo, na bi da yatsa har lambar ɗaki. Ban ji kunyar kowa ba. A ranar kuma na ga an rubuta a bango cewa wanda ba ya jin Turanci yana iya neman tafinta kyauta.

Ran Laraba 3 ga Janairu 2018 na buɗe akwati na ga farin ambulan da sunana. A tsaye a wurin na farke shi, hannuna na rawa. Ɗan kati ne na takarda mai ruwan shuɗi, ba hoto, ba zinariya, sunana da lambobi tara kurum. Na ce yanzu a kan wannan? Na shiga wurin Hajiya da shi kafin in hau sama, ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinta Bature ya leƙo. Ta ce in haddace lambar kamar karatun allo, in ɓoye katin a ƙasan akwatin tufafi, kada in yawo da shi a jaka, kada kuma in karanta wa kowa ita a waya ko da ya ce daga gwamnati ya ke, don ɓarayi su kan ci bashi da lambar mutum su bar shi da biya.

Abin da ya ƙona mini rai na same shi daga baya, sa'ad da na sami wani aiki a wata makarantar yara, akawun wurin ta ji labarina. Ta ce ai da ban rasa aikin farko ba. Hatimin da aka buga mini a kan biza a Atalanta shi kansa shaida ce ta izinin zama da aiki har shekara guda, dokarsu kuwa ba ta hana wanda ke da izini ya fara aiki yana jiran lambarsa ba, sai a rubuta cewa ya nema, in ta zo a cike gurbin. Ita shugabar gidan renon ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, shaidar kuwa tana cikin jakata ran da na ke tsaye a gabanta. Auta ta ci jarrabawarta. 'Yan kunnen dai sun tafi, Malam ya saya mini waɗansu bayan shekara biyu, amma ba irinsu ba ne.

A 2019 Allah ya ba mu ɗa namiji. Kwana ɗaya da haihuwa sai ga wata ma'aikaciyar asibiti da takarda, wai a rubuta sunan yaro, a kuma sa alama in ana so a yanka masa lamba, don su jariransu tun daga asibiti a ke nema musu. Malam ya ce suna ai sai ran bakwai. Ta ce za ta dawo gobe kafin a sallame mu. Dole ya fita waje ya buga wa mahaifinsa waya, ƙarfe ɗayan dare a gida, tsoho ya tashi daga barci ya zaɓi suna, aka ce kowa ya kama bakinsa sai an yanka rago. Takardar kuwa ni na karɓa na cika ina kwance, na karanta adireshin sau biyu. Ran suna da safe, kafin baƙi su fara zuwa, na lallaɓa na sauka ƙasa da alƙalami na ƙara sunansa a ƙarƙashin nawa cikin akwatin. Katinsa bai cika mako uku ba ya iso.